Darasi Ga Malaman Hakimai: Yadda Ake Gane Ko Bayani Ya Isa

Sau da yawa akan aiko wa Hakimi tambaya ana bukatar amsa da gaggawa, alhali kuwa takardun dagatai ba su kawo cikakken adadi ba. Wani ya ce abu ya fi kaza, wani ya ce bai kai kaza ba. Malamin da bai san kan lissafi ba, ko dai ya yi kintace, ko kuwa ya sake tura manzo a banza. Kintace yakan jawo wa talakawa hasara, jinkiri kuwa yakan sa damina ta wuce.

ALAMOMI

Alamar > tana nufin "ya fi", alamar < kuwa "bai kai ba". Sun fara bayyana cikin littafin Thomas Harriot, masanin lissafi na Ingila, wanda aka buga a 1631. Akwai kuma ≥, watau "a ƙalla", da ≤, watau "bai wuce ba".

ƘA'IDA

Malami ya nemi iyakar sama da iyakar ƙasa ta abin da ake tambaya. In amsa ɗaya ce ko'ina tsakanin iyakokin nan, bayani ya isa. In tana iya zama "i", tana kuma iya zama "a'a", bai isa ba.

MISALI NA 1

An ba wani ƙauye mai unguwa 4 takin zamani buhu 200, kowane gida buhu 2. Takin zai wadatar? Zai wadatar muddin gidaje ≤ 100.

(a) Dagaci ya rubuto cewa babu unguwar da ta wuce gida 30. Ke nan 4 × 30 = 120, gidaje ≤ 120. Suna iya zama 90, suna iya zama 115. Wannan bayani bai isa ba.

(b) Ya sake rubutowa cewa manyan unguwanni biyu in an haɗa su gida 48 ne. Tun da ƙananan biyu ba za su fi manyan ba, jimla ba ta wuce 48 + 48 = 96 ba. Bayani ya isa, ko da yake har yanzu ba a san ainihin yawan gidajen ba. Takin zai wadatar, har da rarar buhu 8 a ƙalla.

MISALI NA 2

Wani ƙauyen mai unguwa 5 shi ma an ba shi buhu 200, mafi ƙanƙantar unguwarsa kuwa gida 21 ce. Ke nan 5 × 21 = 105, gidaje ≥ 105, ana bukatar buhu 210 a ƙalla. Takin ba zai wadatar ba, amma bayanin ya isa, gama "a'a" tabbatacciya ita ma amsa ce. Sai Hakimi ya nemi ƙari tun da wuri.

MISALI NA 3

Malamin dabbobi yana son yawan shanun wata ruga don allurar rigakafi. Arɗo ya ce sun fi 59, makiyayi ya ce ba su kai 61 ba. Kowace magana ita kaɗai ba ta isa ba, amma in an gama su shanu 60 ne daidai, don ba a ƙidaya rabin saniya. Da Arɗo ya ce "a ƙalla 59", da sai su zama 59 ko 60, bayani bai isa ba ke nan. Saboda haka lalle malami ya rubuta maganar mutum yadda ya faɗe ta.

AIKIN GWAJI

Wata makaranta tana da aji 6 da kujera 150, ajin da ya fi yawan yara kuwa yana da 25. Kujerun sun wadatar? Malami ya fitar da iyakar sama, sa'an nan ya gwada ta da 150. Haka kuma zai riƙa yi wa kowace takarda kafin ya kai ta gaban Hakimi don sa hannu.