Kwana Biyu a Jos, Don Hutawa

In zafin bazara ya ishe ka a Kano ko Sakkwato, kuma hutun ƙarshen mako kawai gare ka, nufi Jos. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa ko a watan Afrilu iskar asuba takan sa mutum laluben mayafi. Ka riƙe rigar sanyi. Da hunturu kuwa har da safa da man shafawa, don sanyin Disamba a can ba na wasa ba ne.

Yi sammako ka isa da rana. Ban da tafiyar dare, kuma kafin ka fita bayan gari ka tambayi 'yan gari lafiyar hanya.

Abin da ke ɓata irin wannan hutu shi ne haɗama: mutum ya ce sai ya ga ko'ina a yini ɗaya, ya koma gida a gajiye. Wuri biyu sun isa. Duwatsun Shere da ke gabas da gari sun haura mita 1,800. Je ka da hantsi, da takalmi mai kama ƙasa da ɗan rakiya, domin da damina dutsen akwai santsi, hazo kuma yakan sauko ba sallama. Da la'asar ka leƙa gidan tarihin da aka buɗe a 1952, ka ga mutum-mutumin yumɓu na tsohuwar al'adar Nok. Sauran lokacin, ajiye waya, ka sha kunun acha da zafinsa.

Tsaraba kuwa sai kasuwar Farin Gada: dankalin Turawa, kabeji da karas.