Wa Ya San Sunan Yaron Nan?

Karatu: Matiyu 2:13-15, 18:5-6

Ɗan'uwana mai sauraro, ka tuna Ubangijinmu Yesu ma ya yi gudun hijira yana ƙarami. Da dare Yusufu ya tashi da shi zuwa Masar saboda takobin Hirudus. Amma akwai hannun da yake riƙe da shi.

Tun 2013 sansanin Minawao a arewacin Kamaru yake karɓar waɗanda Boko Haram ta kora daga Borno. A jihar Diffa ta Nijar kuma akwai Sayam Forage. Cikin yaran da suke can akwai marayu, akwai waɗanda suka rabu da iyayensu a hanya.

Mai jan yara zuwa daji ba kullum da bindiga yake zuwa ba. Wani lokaci da abinci yake farawa, da ɗan kuɗi, da alkawarin babur. Yaron da ba ya zuwa makaranta, wanda ba mai tambayarsa ko ya ci, shi ne yake fara kasa kunne. Ni a ganina sojoji a bakin ƙofa ba su isa ba, gama ba sa ganin fushin da yake cikin zuciya. Mu manya ma mu kula da bakinmu: in kullum zancen ramuwa yaro yake ji, mun share wa maƙiyi hanya.

In akwai 'yan gudun hijira kusa da kai, nemi yaro ɗaya, Kirista ne ko Musulmi. Ka san sunansa, ka raka shi makaranta, ka bar shi ya faɗi abin da ya gani. Gobe kuma ka koma.