Darasin Wannan Fitowa: Nisan Agadas da Dirku, a Sama da a Ƙasa

Darasinmu na yau a kan lissafin nisa ne. Samarinmu da yawa sukan duba taswira a wayar hannu, su ga kilomita kaza, su yanke farashi da mai saye nan take. To, irin wannan lissafi shi ke cinye uwar kuɗi.

Mu ɗauki filayen jirgi biyu na arewacin Nijar. Na ɗaya filin Mano Dayak na Agadas, mai sunan jagoran Abzinawan nan da ya rasu a haɗarin jirgi a 1995. Na biyu ƙaramin filin Dirku da ke ƙasar Kawar, arewa da Bilma kaɗan, kan hanyar da bisashenmu ke bi zuwa Sabha ta Libiya. Tsakaninsu nisa uku ne, ba ɗaya ba.

Na farko nisan jirgi. A miƙe wajen kilomita 560 ne, ƙaramin jirgi kamar awa 2 ya sauka.

Na biyu nisan kamiyo. A ƙasa wajen kilomita 650 ne, babu kwalta, sai rairayin Tenere. Kamiyo mai kaya kan ci kwana 3 ko 4, in taya ba ta kafe ba, in inji bai ba da matsala ba. Rijiyoyi ƙidayayyu ne, kamar ta wajen Itaciyar Tenere, wadda mota ta kayar a 1973, da ta Ashegur.

Na uku nisan ƙafa. Raƙumin ayari da ke yin kilomita 40 a yini zai haura mako 2. Shi ya sa ayarin gishirin Bilma ke jiran zafi ya karye kafin ya tashi. Saniya kuwa ba ta ratsa Tenere da ƙafa sam.

Yanzu mu yi lissafi. A ce ka loda raguna 100, kowane na shan lita 4 a yini. Lita 400 ke nan. Kwana 4, lita 1,600, wato duro 8 na lita 200. In mota ta lalace kwana 2, kana bukatar ƙarin duro 4. In babu su fa? Kun ga inda asara ke shigowa. Ba mu ma sa harawa da dusa da kuɗin duwan ba, balle ramar da rago zai yi, wadda mai saye zai rage maka a kai.

Saboda haka mu riƙe abu uku. Mu auna hanya da kwana, ba da kilomita ba. Mu ƙara ruwan kwana 2 a kan abin da direba ya ce. Kada mu ɗaure ciniki sai mun tambayi madugun da ya dawo kwanan nan, don hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wannan ma'auni ya shafi masu shanu ma. Garken da ke yin kilomita 15 zuwa 20 a yini, kwana nawa zai yi daga kasuwarku zuwa iyaka, kuma a ina zai sha ruwa? Kowa ya lissafa nasa, ya kawo mana a zama na gaba.