Katakon Da Ke Riƙe Da Cikin Kwale-kwale

Mu mutanen Tarai noma muka gada, dawa da gero da gyaɗa. Sai da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya kwanta a yamma da Rano, sannan su ya zama sana'ar da yaron ƙasar nan zai iya tashi a cikinta. Gwanayen jirgi tun fil azal Sarkawa ne na Kabi da Yawuri, kuma kafintan da na fi zama wurinsa a bakin Tiga wurinsu ya koyo aikin.

A da gungumen itace guda ake fafewa da gizago a yi jirgi. Yau ina za ka sami maɗacin da ya kai haka? Katako ake saya a haɗa. A shimfiɗa na ƙasa, a yanke shi da zarto ya tsuke gaba da baya, a kafa guntun katako mai kauri a goshi, wani a gindi, a kawo na gefe biyu a buga a goshin. Wannan duk mai yin ƙofa da taga zai iya.

Inda ake gane mai sana'a shi ne wurin buɗe cikin jirgin. Katakon gefe miƙaƙƙe ne, ba ya son lanƙwasa. Sai an jiƙa shi da ruwa, an bar shi ya sha rana, sannan a tokara sanda a tsakiya tsakanin gefe da gefe, a zarga igiya a baya, yara biyu su riƙa ja a hankali har bakin katakon ya iso gindi. Maigidan ba ya taɓa igiyar. Yana tsugune a goshi, ido ɗaya a rufe, kunne a kan katako. "Kai Ɗan'auta, sassauta! Ba ka ji yana kuka ba?" In aka yi gaggawa sai ka ji ƙas, kuɗin katako guda ya tafi. In gefe ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa, jirgin zai rayu yana karkata, mai tuƙi ya yi ta faɗa da filafili har ya gaji.

Tsawon sandar nan shi ne halin jirgin gaba ɗaya. Ta gajarta, jirgi ya yi gudu amma ya riƙa rawa, mai jefa birgi ba zai iya tsayuwa a kai ba. Ta yi tsawo, ya zauna daram, ya ɗauki kaya, sai dai nauyin tuƙi. Shi ya sa kafin a taɓa zarto ake tambayar mai jirgi: su za ka yi ko fito?

Daga nan a jera haƙarƙari a ciki, guntayen katako masu bin ƙasa su hau gefe. Ana huda wurin ƙusa tukuna don kada katako ya tsage, a bugo daga waje, a lanƙwashe tsinin a ciki. Sai a cire sandar wucin gadi, a sa katakon gicciye a madadinta, wanda kowa ke kira benci. Fasinja wurin zama kawai yake gani. Alhali shi ke hana ruwa matse gefen jirgi ya shigo ciki, shi ke hana nauyin kaya buɗe shi waje. Dole ya zauna a kan haƙarƙari, ba a kan fatar jirgi ba, kuma kada ya yi sama da yawa, don in mazauna suka yi tudu, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta kifar da su.

Raina yana ɓaci in na ga an ɓamɓare bencin tsakiya don a sami wurin buhu ko babur. A ranar ba a ganin komai. Sannu a hankali ƙusoshi ke saki, haɗin ƙasa ya buɗe. Mu a Kano mun san abin da ruwa ke yi: a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Tun daga lokacin, kafin in shiga jirgi sai na dubi bencinsa, na ƙirga mutanen da ke kai.

Saura toshiya. A cusa auduga ko tsumma a duk haɗi da bakin wuƙa, a narka kwalta a bi kai, ciki da waje. Sabon jirgi ba a ɗora masa kaya ranar da ya sauka. A bar shi cikin ruwa 'yan kwanaki katako ya kumbura ya matse kansa, a kwashe ruwan da ya shiga, a shanya cikin, a duba inda ke tsattsafowa. Wurin a sake masa auduga da kwalta, sannan a kira mai jirgi ya zo da filafilinsa.