Kafin Ki Ɗora Tukunya

'Yata, na ji kin aika garin Sinja a sayo miki maganin nan da ake kira zufa saboda tarin yaron nan. Allah ya ba shi lafiya. Amma zauna mu yi magana tukuna.

Zufa ta gaskiya ba ta fitowa a baƙar lakar nan tamu ta Abu Na'ama. Tsiron duwatsu ce, ta Turkiyya da Iran da kudancin Turai, mai siririn ganye da shuɗin fure. Duk wadda kika gani wurin mai kayan ƙamshi daga nesa ta zo, a bushe, wani lokaci ma a dake, kuma idonki ba zai raba ta da za'atar na ƙasar Sham ba, don dangi ne. Littattafan ɗibbu na da ma iri biyu suka ambata. Akwai busasshiya, ganyen da ake dafawa don ƙirji. Akwai ɗanya, wadda ba ganye ba ce sam, maiƙon gashin tumaki ne da ake shafawa. To wacce kika ce a sayo?

Iyayenmu da suka biyo Mai Wurno zuwa bakin kogin nan bayan yaƙin Burmi na 1903 da saninsu suka zo. Sun tarar da ɗoɗɗoya, maƙwabta na ce mata raihan, sun ga nobe ana kiransa maharaib, sannan suka koyi shan hargal don ciwon ciki. Waɗannan kin san su tun kina goye. Ki murza ganyen a tafin hannu, ki shinshina, hancinki zai gaya miki gaskiya. Ni da a ce kin tambaye ni, na'ana'a da ɗoɗɗoyar da ke bayan ɗakinki sun fi mini ƙullin da ba ki san mai tsinkarsa ba.

Kuma kada ƙamshi ya ruɗe ki, zufa tana da ƙarfi. Man zufa na iya jawo wa ƙaramin yaro jijjiga, mai ciki da mai farfaɗiya kuwa ba a ba su.

Yanzu ki duba ƙirjinsa. In numfashi na fita sama-sama, ko haƙarƙari na lotsawa, ko jiki ya yi zafi, goya shi ku tafi asibiti yau, kada ki jira ɗan aike. Haka in tarin ya wuce mako biyu.