Masu Nutso da Jirgin da Ya Kwanta Cikin Laka

A kudancin ƙasar Ingila akwai wani gari a bakin teku wanda a ke kira Portsmouth. Tsakanin garin nan da wani tsibiri da ke fuskantarsa akwai wani mashigin ruwa, sunansa Solent. Ruwan wurin ba shi da zurfi ƙwarai. Daidai inda za ku ji labarinsa misalin ƙafa 40 ne, watau wajen gaba 7. Akwai rijiyoyi da dama a ƙasar Hausa waɗanda suka fi haka zurfi. Amma a ƙarƙashin ɗan ruwan nan wani babban jirgin yaƙi ya yi shekara 437 yana kwance, jirage suna ta wucewa ta bisansa.

Sunan jirgin Mary Rose. Da katako aka yi shi, aka sa shi a ruwa cikin shekara ta 1511, zamanin Sarkin Ingila Henry na 8. Ran 19 ga watan Yuli 1545 jiragen yaƙin Faransa suka shigo Solent, na Ingila suka fita su tare su, Sarki yana tsaye a gaɓa yana kallo. Bisa ga labarin wani da ya tsira, Mary Rose ya buga igwa, ya zo zai juya, sai iska ta taso ta karkatar da shi. Tagogin da a ke fid da bakin igwa kuwa suna buɗe, ruwa ya kwararo ciki. Kafin a ce haka jirgi ya nutse. An shimfiɗa raga a bisansa don kada abokan gaba su diro ciki, ragar nan ita ta hana mutanen ciki fita. Cikin mutum wajen 500, waɗanda suka tsira ba su kai 40 ba.

Aka yi ƙoƙarin jawo jirgin da igiyoyi, abu ya faskara. Sai aka ɗauki masu nutso su ciro ko da igwa ce, gama tana da tsada. Cikinsu har da wani saurayi mutumin Afirka ta Yamma, ana ce da shi Jacques Francis, sunansa yana nan cikin takardun shari'a na shekara ta 1548. Mutanen nan ba su da wani kayan aiki sai numfashin da ke ƙirjinsu. Wanda ya taɓa ganin masunta suna nutso a Argungu ya san iyakar wannan: minti ɗaya ko biyu, sai mutum ya taso yana haki. Suka ciro abin da suka iya, aka bar saura.

Sannu a hankali laka ta cika jirgin. A kan gefensa na dama ya kwanta, gefen nan ya lume cikin laka. Na hagu kuwa ya rage a fili, ruwa yana gogarsa, waɗansu tsutsotsin teku suna cinsa kamar yadda gara ke cin azara, har ya rushe. Abin da laka ta rufe bai ruɓe ba, domin iska ba ta kai gare shi, tsutsa kuwa ba ta rayuwa inda babu iska.

Cikin shekara ta 1836 tarun waɗansu masunta ya maƙale a wurin. Suka nemi wani mai nutso, John Deane, ya duba musu. Shi yana da kwalkwali na tagulla wanda ke rufe kai duka, da takalma masu nauyi, da doguwar mesa wadda mutane ke turo masa iska ta ciki daga kwalekwale. Ya sauka, ya tarar da igwa da katakai. Ya yi ta komowa yana ɗiba, har ya sa albarushi ya fasa lakar don ya sami na ƙasa. Waɗansu kayan aka yi gwanjonsu, suka watse. Bayan 'yan shekaru aka manta da wurin sarai.

To, cikin shekara ta 1943 waɗansu Faransawa biyu, Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa, da Emile Gagnan, injiniya, suka ƙago wata dabara wadda ta sake al'amarin nutso duk duniya. Maimakon a riƙa turo wa mutum iska daga sama, sai ya tafi da guzurin iskarsa a baya. A kan sami doguwar tukunyar ƙarfe, a danna iska a ciki da inji, har ta ɗauki abin da zai cika irinta wajen 200. Iska ce irin wadda kowa ke shaƙa. Mai nutso ya goya tukunyar kamar yadda uwa ke goya ɗanta. Daga tukunyar mesa ta zo bakinsa, da wani ɗan marfi mai ban mamaki. In ya ja numfashi marfin ya buɗe, in ya daina ya rufe, kuma ba ya sakin iska sai daidai da ƙarfin ruwan da ke danne da mutumin. Iskar da ya fitar sai ta tashi sama tana kumfa. Kayan nan su a ke kira sukuba.

Ban da tukunya, ya kan sa tabarau mai rufe ido da hanci, gama idon ɗan Adam ba ya gani sosai in ruwa yana taɓa shi. Ya kan sa takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da rigar roba mai kauri saboda sanyi, da ɗamara mai darma don kada rigar ta sa shi ya riƙa tasowa kamar gora. Yana kuma da ma'aunin da ke gaya masa zurfin da ya kai, da sauran iskar da ta rage masa.

Kada ku ga kayan nan ku ce ai nutso ya zama wasa. Ruwa yana da nauyi, duk yarinyar da ta taɓa ɗaukar tulu ta san haka. Iskar sararin sama ma tana danne da kowa, amma an saba da ita, ba a ji. In mutum ya yi ƙasa ƙafa 33 cikin teku, dannin da ke kansa ya ninka na bakin gaɓa sau biyu. Da kunne a kan fara jinsa, sai mai nutso ya toshe hanci ya hura a hankali, har kunnen ya buɗe.

Ku sami kofin gilashi ku kife shi cikin bokitin ruwa, za ku ga iska ta tsare ruwa bai cika shi ba. Da za a kai kofin nan zurfin ƙafa 33, da iskar ta takure ta koma rabi. Da za a cika shi da iska a can ƙasa, sa'an nan a taso da shi, da iskar ta kumbura ta zama biyu, rabi ya fice ta baki. To, huhun mai sukuba haka ya ke. In ya cika shi a ƙasa, tsoro ya kama shi, ya riƙe numfashi ya zabura sama, iskar za ta kumbura a ƙirjinsa ba hanyar fita, huhu ya tsage. Abin lura kuwa shi ne, kusa da sama iska ta fi saurin kumbura. Saboda haka wanda ya raina ruwa don ba shi da zurfi bai san nutso ba. Doka ta fari da a ke koya wa ɗan koyo ita ce kada ya riƙe numfashi ko kaɗan, ya kuma taso sannu-sannu.

Akwai wani dalili kuma na tasowa a hankali. Wani sashe na iska, wanda a ke kira naitirojin, ya kan narke cikin jinin mai nutso muddin yana ƙasa. In ya taso da gaggawa sai ya fito yana kumfa cikin jini, kamar yadda kwalbar lemo ke yi in an buɗe ta farat ɗaya, gaɓoɓi su kama ciwo, wani ma ya shanye. Ta wannan wajen ruwa mara zurfi yana da sauƙi. A zurfin ƙafa 100 mutum ba ya wuce minti 20 sai dole ya riƙa tsayawa a hanya in zai taso, amma a ƙafa 40 yana iya yin fiye da sa'a guda. Ba a magana a ƙarƙashin ruwa, sai da hannu. Wanda ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi zobe, lafiya lau ke nan. Wanda ya ɗaga babban yatsa, cewa ya ke a tashi sama.

Da sukuba ta yaɗu, mutanen da ba nutso ne sana'arsu ba suka koya. Cikinsu akwai wani marubuci, Alexander McKee. Cikin shekara ta 1965 ya tara abokansa suka shiga neman Mary Rose a ranakun hutunsu. Aiki ne mai wuya, gama ruwan Solent yana da sanyi, ga shi gurɓatacce, wata rana mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Teku kuma tana cikowa tana janyewa sau biyu kowace rana, ruwa yana gudu kamar kogi. Jirgin kuwa ba a ganin ko alamarsa, laka ta shafe shi. Suka sami wata tsohuwar taswira mai nuna wurin, suka samu aron na'urar da ke aika amo cikin laka ta saurari dawowarsa. Duk da haka sai da suka shekara 6. Cikin watan Mayu 1971 ɗayansu ya sauka ya ga kawunan katakai a jere sun leƙo daga laka.

Wadda ta shugabanci tonon wata mace ce, Margaret Rule, masaniyar kayan mutanen dā. Sai da ta koyi nutso don ta ga wurin da idonta. Tsarin aikinta ya bambanta da na John Deane ƙwarai. Aka shimfiɗa bututun ƙarfe bisa jirgin, aka raba shi ɗaki-ɗaki kamar fangalin lambu, kowane mai nutso da nasa. Ya kan riƙe bututun ya rataya kansa a ƙasa don kada ya taka kome, ya riƙa fifita laka da tafin hannu, wata babbar mesa tana zuƙe ta tana kai ta nesa. In ya ga abu, ko da cokali ne, ba ya fizge shi. Sai ya auna inda ya ke, ya zana shi da fensir a kan allon roba, a ba shi lamba, kāna a ɗauke shi. Daga 1979 zuwa 1982 mutum fiye da 500 suka yi aikin nan, yawancinsu ba don kuɗi ba. Suka yi nutso kusan sau 28,000, suka ciro abu wajen 19,000. Har Yarima Charles, wanda ya zama Sarkin Ingila a 2022, ya sha sauka ya duba.

Me ya sa a ke wannan wahala duka? Domin wurin da aka sami abu shi ke ba da labarinsa. Aska ita kaɗai aska ce kurum. Amma da aka sami aska a wani ɗan ɗaki, ga akwati kusa da ita cike da tandayen magani na itace, ga abin ɗura magani, sai aka gane ɗakin wanzamin jirgi ne, wanda ke yi wa mutane aski yana kuma ɗaure musu rauni. A wani ɗakin aka sami guduma da kayan sassaƙa, aka san na kafinta ne, a bakin ƙofarsa kuwa ga ƙasusuwan wani ɗan kare, wanda a ke zaton kamun ɓera ne aikinsa. Can ƙasa aka sami murhu biyu na tubali da manyan tukwane, da gangunan ƙasusuwan shanu da na kifi, aka san abincinsu. Aka sami akwatuna cike da baka, kowane ya fi mutum tsawo ko ya yi kusa, da kibau fiye da 2,000. Aka sami akusa da takalma da carbi da ƙwayoyin masoro, da matsefai fiye da 80, waɗansu har da ƙwan kwarkwata a maƙale. Littattafan tarihi sun cika da labarin sarakuna, amma ba su damu da faɗin abin da talakan jirgi ke ci ko abin da ya ke tsefe kai da shi ba.

An sami ƙasusuwan mutanen da suka halaka kuma, na mutum 179. Cikin shekara ta 1984 aka binne ɗayansu da girmamawa a babbar majami'ar Portsmouth, a madadin sauran duka.

Da aka kwashe kayan ciki, sai ya rage gangar jikin jirgin. Masu nutso suka huda katakai suka ɗaura wayoyi, aka rataye shi jikin wani babban firam na ƙarfe, aka ɗora shi bisa wani gado da aka ƙera daidai siffarsa. Ran 11 ga watan Oktoba 1982 wani ƙaton inji mai ɗaga kaya ya fara ja. Mutane suka cika kwalekwale suna kallo, miliyoyi kuma suna gani a talabijin. Baƙaƙen katakai suka ɓullo, aka buga igwa don murna. Ana cikin haka sai aka ji ƙara, wani gefe na firam ɗin ya zame ya faɗo. Kowa ya yi tsit. Da aka duba aka tarar jirgin bai yi wani lahani ba, aka ja shi zuwa gaɓa.

Itacen da ya daɗe cikin ruwa, in an bar shi ya bushe haka kawai, sai ya tsattsage ya lanƙwashe. Don haka aka yi shekara 12 ana fesa masa ruwan sanyi dare da rana. Daga 1994 aka koma fesa masa wani irin kakin da ke shiga cikin itace ya maye gurbin ruwa, har zuwa 2013, sa'an nan aka bar shi ya bushe a hankali. A shekarar nan aka buɗe masa gidan tarihi a Portsmouth, kusa da inda aka gina shi tun farko. Mai ziyara ya kan bi ta wani dogon soro, rabin jirgin yana gefe ɗaya, kayansa suna ɗaya gefen. Kowace igwa da kowane akwati an ajiye su daura da wurin da mai nutso ya same su, bisa ga abin da ya zana a allonsa.