"Na Gan Shi Jiya": Ku Daina Bi ta Faransanci Kafin Ku Isa Turanci

Makon jiya, bayan sallar isha'i, wani saurayi mai tsaron shagon mahaifinsa a Kasuwar Kongo ya tare ni a unguwar New Bell ta Duwala, ya miƙo min wayarsa. Saƙo zai tura wa dillalinsu na Legas ta WhatsApp, yana so in duba masa tukuna. Layin farko ya ce "I have seen the goods yesterday." Na ce ɗana, gyara nan, sa "I saw the goods yesterday." Sai ya yi murmushin wanda ya kama malami da kuskure, ya ce, "Malam, ai an ce mana 'saw' Turancin kasuwa ne, 'have seen' shi ne na 'yan boko, ya fi ladabi."

Na ji wannan zance har ya ishe ni. Na ji shi a bakin masu shirin jarrabawar BEPC, na ji shi a bakin alhazai masu zuwa Dubai saro kaya, har wani mai koyar da darasin yamma ya taɓa yi min gardama a kai. To bari in faɗa a fili: babu ruwan ladabi a wannan magana. Sarkin Ingila da kansa, in jiya ya ga abu, "I saw" zai ce. Tsawon jimla ba shi ne girmanta ba. In ka haɗa "have seen" da "yesterday" ba ka burge kowa ba, kuskure ka yi, kuma mai karanta saƙonka a Legas ko Buya ya gane nan take cewa da Faransanci ka yi tunanin.

Domin daga can cutar ta fito. Bafaranshe yana cewa "j'ai vu la marchandise hier", kuma daidai ne a harshensa. Yaron da ya tashi a Duwala, boko da Faransanci, allon titi da Faransanci, sai ya ɗauki "j'ai" ya mai da shi "I have", ya ɗauki "vu" ya mai da shi "seen", ya zaci ya gama aiki.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Duk lokacin da ka ambaci lokacin da ya riga ya wuce, jiya ko shekaranjiya ko bara ko shekarar 2019, to "saw" ne, babu wani zaɓi. "Have seen" na wurin da ba ka faɗi lokaci ba. Ga ma'aunin da nake ba ɗalibaina: faɗi jimlar da Hausa, ka gwada saka "taɓa" ko "riga" a ciki. In ta zauna, "have seen" ne. Ka taɓa ganin teku? "Have you ever seen the sea?" Na riga na ga kayan: "I have already seen the goods." Amma na gan shi jiya a bakin masallaci, wannan "I saw him yesterday" ne, ko da gwamna kake wa magana. In sake maimaitawa, don na san gobe wani zai kawo min irin wannan saƙo: jiya da "have seen" ba sa shiga jimla ɗaya.

Abin dariyar shi ne, Turancin buroka da ake rainawa ya fi mu kiyaye wannan bambanci. Haye gadar Wuri ka saurari mutanen Bamenda a Bonaberi. In abin ya wuce ne sai ka ji "a bin si yi", in kuma an riga an gani ne sai ka ji "a don si yi". Kalmomi biyu, aiki biyu. Yaranmu sun iya wannan tun suna ƙanana, amma da sun shiga aji sai su ajiye shi a bakin ƙofa su rungumi fassarar Faransanci.

Ba zan ɓata takarda kan "did you saw" da "I seen" ba, wanda ya kai aji biyu na sakandare ya kamata ya wuce nan. Sai dai masu kukan cewa kalma ɗaya ta zo da fuska uku, "see, saw, seen", su tuna da tasu: na ga Audu, na gan shi, na gani. Babu Bahaushen da ya taɓa cewa "na gani shi", kuma ba a makaranta ya koya ba.

Akwai wani wurin da Hausa ta fi Faransanci kusa da Turanci nesa ba kusa ba. Muna da gani, muna da duba, muna da kallo. Turanci ma uku gare shi: "see" ga abin da ido ya faɗa kansa, "look at" ga abin da ka juya ka duba da gangan, "watch" ga abin da ka zauna kana kallo yana motsi. Faransanci kuwa ya cusa duba da kallo cikin "regarder" guda. Shi ya sa lokacin gasar cin kofin Afirka, da aka buga wasanni a filin Japoma a farkon 2022, kunnena ya gaji da "I looked the match". Kai da ka san ba a duba ƙwallo, kallonta ake yi, me ya kai ka? "I watched the match" kawai.

Amma kada a ce na wanke Hausa tas. Akwai rami ɗaya da ita ke jefa mu. Muna cewa ina ganinka, sai a mai da shi "I am seeing you", musamman a kiran bidiyo. Abin da ake faɗa shi ne "I can see you". "I am seeing the doctor tomorrow" na nufin kana da alkawarin ganawa da likita. "She is seeing someone" kuwa na nufin tana soyayya da wani. Matar aure da ta hango abokin mijinta a tsallaken titi ta ce wa mijin "I am seeing your friend" ta faɗi abin da ba ta nufa ba. 'Yan uwa mata, ku kiyaye wannan. "I see" shi kaɗai na gane ne, "see off" kuma rakiya ce.

Laifin ba na yara ba ne su kaɗai. Tun haɗewar 1961 Kamaru ke da harsunan hukuma biyu, a Disamban 2019 aka ƙara yin doka a kansu, amma har yau a azuzuwa da yawa Turanci da Faransanci ake koyar da shi. A rubuta jerin aikatau a allo, yara su rera "see, saw, seen" kamar karatun allo, a ba su maki, a wuce. Ba wanda ya tambaye su su gina jimla ɗaya kan abin da suka gani a hanyar zuwa makaranta. Iyaye kuma, muddin yaro ya kawo sakamako mai kyau, ba sa tambayar ko zai iya rubuta wa abokin cinikinsu layi uku.

Malamai 'yan uwana da ke koyarwa a unguwannin Hausawa, ku bar yaro ya fara faɗin jimlarsa da harshen gidansu. Kai kuma mai shago, kafin ka tura saƙo, karanta shi da Hausa a zuci. In ka ji "jiya" a ciki, goge "have seen" ka sa "saw".